DAGA BAKIN TABKI ZUWA INDA RUWA KE FAƊOWA

 

Daminar bara, cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa. Da yake lakkwal tana hutu, na tara yara takwas daga cikin 'yan ajina, munka roƙi wani dattijo ya yi muna ja-gora. Munka tashi daga bakin tabkin Keita da sassafe, munka bi korama a ƙasa, muna hawa. Tun ana taka laka har anka koma tsakuwa, tun ana ratsa gero har anka shiga duwatsu. Hantsi ya ɗaga sa'ad da munka fara jin ƙugi. Da munka sha kwana sai ga ruwa ja wur yana zubowa daga leɓen dutsi, yana dukan ƙasa, yana tashi kamar hayaƙi. Yara sunka yi tsit.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san wannan ruwa baƙo ne. Ba mu da ruwa mai zuba rani da damina. Namu yini guda yake yi, in ya daɗe kwana biyu, sai wurin ya koma busasshen dutsi. Wani yaro ya tambaye ni, ya ce: "Mushe, me ya sa ruwan ya yi ja?" Kafin in buɗe baki dattijo ya amsa masa, ya ce: "Yaro, gonar ubanka ce ke wucewa." Wannan magana ita ta sa na zauna na rubuta abin da na sani na tarihin ruwan ƙasarmu.

Mu fara da dutsin kansa. A gefen hanya yara sun tsinci fararen duwatsu masu siffar katantanwa. Masana sun tabbatar da cewa shekaru miliyoyi da sunka wuce teku ne ya rufe wannan ƙasa, kuma waɗannan ragowar halittun cikinsa ne. Irin wannan farin dutsi ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. Bayan teku ya janye, ruwan sama ya yi ta cin tudu har ya fafe kwaruruwan da muke noma a ciki: kwarin Keita, da Maggiya wadda ke ratsa ƙasar Buza ta gangara wajen Ƙwanni har tabkin Kalmalo cikin Nijeriya, da Tarka wadda ke bi ta Madawa, inda ake noman albasa. Ke nan ruwan da ke faɗowa daga dutsi shi ya ba mu fadama. Shi ne kuma ke cika tabki.

Inda ruwa ke kwanciya nan mutane ke taruwa. Manoma Hausawa da makiyaya Abzinawa da Fulani duk sun sha a wannan tabki, kuma saboda haka ba a rasa rigima bisa mulkin wurin ba. Nasara sun mai da Keita mazaunin sarkin kanto a 1913. A wannan shekara da ta bayanta anka yi yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. A 1917, zamanin yaƙin Kawsan, mahara sun faɗa wa Keita, sun yi kisa, sun kwashi dukiya. Duk da haka mutane sun komo, don tabki da fadama suna nan.

Dattawa sun ce a da gangaren duwatsun nan duhu ne da itace, har yaro ba ya yarda ya shiga shi kaɗai. Ruwa in ya zubo sai ya iske saiwa da ciyawa, ya yi tafiya a hankali, ƙasa ta sha. Da jama'a ta ƙaru, anka sare itace, anka kai gona har gindin dutsi. Fari na 1973 da 1974 ya kashe bisashe da itatuwa masu yawa. Daga nan tudu ya zama fako. Ruwan da ba ya samun abin da zai tare shi gudu yake yi, kuma ruwa mai gudu yana yankan ƙasa. Koramar da ake tsallakewa da ƙafa ta zama rami mai haɗiye raƙumi. Rairayin da ta kwaso kuwa cikin tabki da fadama take zubar da shi.

An yi yunƙurin farko a kwarin Maggiya. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji sun shuka jerin dogon yaro a gicciye cikin gonaki don tare iska. Wanda ya bi ta ƙasar Buza ya san waɗannan layuka.

Sai 1984, shekarar yunwar da anka sa wa suna 'Yar Buhari, don ta zo daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka. A watan Mayu na wannan shekara, zamanin Seyni Kountché, anka yi babban taron Maraɗi bisa yaƙi da hamada. A shekarar ce kuma aikin furojen Keita ya fara, da kuɗin ƙasar Italiya, a hannun hukumar FAO, hukumar PAM tana ba da abinci a matsayin lada. Dabarar ba mai wuya ba ce: a tare ruwa tun daga sama. Bisa fako anka ja kunya anka daɓe ta da dutsi. A gangare anka haƙa ramu a jere, kowane da ɗan itace a ciki. Cikin korama anka jera duwatsu a cikin ragar ƙarfe don karya ƙarfin ruwa, anka gina baraji a wasu kwaruruwa. Lissafin da anka bayar na 1984 zuwa 2002 ya nuna an shuka itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000.

To, wa ya ɗauki duwatsun? A nan nake roƙon 'yan uwa na waje su saurara. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Uwayenmu ne sunka ɗauki dutsi a ka, da goyo a baya, cikin zafin rana, don mudun hatsi da ɗan mai. Ba zargi nake yi ba. Wanda ya tafi, yunwa ce ta kore shi, kuma abin da ya aiko ya riƙe gida. Amma gaskiya ita ce gumin mata ne ya mai da bagaruwa bisa duwatsunmu.

Abin da na gani a hanyarmu ta komowa shi ya hana ni barci. Kunya ta ɓalle a wurare da dama, ba wanda ya toshe. Wata ragar dutsi ta tsinke, ruwa ya buɗe hanya ta gefenta. Na ga kututtura sabbin sara. Furoje ya gama nasa ya tafi, mu kuwa mun zauna kamar aikin na baƙi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarakar da mutum biyar za su toshe da safe guda, in an bar ta damina uku, sai da mota da kuɗi masu yawa.

Saboda haka ina kawo wa ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, a ware wani kaso cikin kuɗin da 'yan waje ke tarawa don sayen raga da abincin masu aiki. Na biyu, a sa ranakun gayya cikin bazara, lokacin da masu cin rani ke komowa, kafin ruwa ya sauka. Na uku, dattawa su zauna da mai gari a tsai da doka bisa saran itacen gangare, kowa ya san iyakarsa.

Wanda kuma ya zo gida da damina, ya daure ya kai ɗiyansa su ga ruwan nan da idonsu. Sai dai a tafi da wanda ya san hanya, kuma kada a tsaya cikin korama in hadari ya haɗu a sama, don ruwan dutsi ba ya sallama. In kun isa, ku dubi launin ruwan. Ranar da munka ga jan ya ragu, mun san gonakinmu sun zauna.

In na yi kuskure cikin tarihi, dattawa su gyara mani, ɗanku ne. Allah shi ba mu damina mai albarka. Amin.