Diyyar Masu Jinya: Abin da Annobar SARS ta Tono a Guangzhou

A farkon watan Fabrairu na 1 ga shekarar Sinawa ta gargajiya, cikin 2003, mutanen birnin Guangzhou, wanda Turawa ke kira Kanton, suna tsakiyar shagalin sabuwar shekara, aka ɗauki wani mai sayar da kifi daga asibiti na biyu na Jami'ar Sun Yat-sen zuwa asibiti na uku, yana tari, numfashi na neman gagararsa. Direban motar asibitin da ya kai shi, Fan Xinde, bai ga ƙarshen watan ba: ya rasu ran 23 ga Fabrairu. Likita Deng Lianxian, wanda ya karɓi majinyacin, shi ma ya kwanta, ya cika ran 21 ga Afrilu. A tsakanin rasuwar biyun nan, ran 25 ga Maris, aka yi rashin Ye Xin, shugabar masu jinya ta sashen gaggawa a asibitin maganin gargajiya na lardin Guangdong.

Cutar ita ce wadda daga baya aka raɗa wa suna SARS. Da hukumomi suka yi wa jama'a bayani ran 11 ga Fabrairu, sun ce mutum 305 ne suka kamu a lardin, kuma 105 daga cikinsu ma'aikatan asibiti ne. Watau cikin kowane uku, ɗaya wajen ceton wani ya ɗauko ta.

Girmamawa ba ta yi jinkiri ba. Gwamnatin lardi ta sa Deng Lianxian da Ye Xin cikin jerin jaruman da suka ba da ransu domin ƙasa, kana a shekarar aka ba Ye Xin lambar yabo ta Florence Nightingale. To, amma lambar yabo ba ta biyan kuɗin makarantar marayu, kuma a nan ne aka tarar da giɓi. Jerin cututtukan sana'a da gwamnati ta fitar a 2002 cututtuka masu yaɗuwa uku kacal ya ƙunsa, dukansu kuwa na masu aiki da dabbobi ne ko masu shiga daji. Ma'aikacin da inji ya datse wa yatsa yana da shaidar rana da wuri. Wanda ya shaƙi ƙwayar cuta a bakin gadon majinyaci, wa zai tabbatar masa cewa ba a kasuwa ya kwaso ta ba?

Sai ma'aikatun ƙwadago da kuɗi da lafiya suka toshe giɓin da takardar umarni, wadda ta ce duk ma'aikacin da ya kamu da SARS wajen aikin rigakafi ko jinya, a ɗauke shi tamkar wanda ya ji rauni a bakin aiki. A daidai lokacin, ran 27 ga Afrilu 2003, Majalisar Gudanarwa ta ƙasa ta zartar da dokar inshorar raunin aiki, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2004. Abin mamaki, ba ta rungumi ma'aikatan hukumomin gwamnati irin su manyan asibitoci kai tsaye ba, sai bayan gyaran da ya fara aiki a 2011. Gyaran nan ne kuma ya ɗaga diyyar rai daga albashin wata 48 zuwa 60 na yankin mamaci, ya mai da ita ninki 20 na matsakaicin abin da mazaunin birni ke samu a shekara, daidai wa daida a ko'ina cikin ƙasar.

Waɗanda suka rayu ma ba dukansu suka tsira ba. An yi wa da yawa magani da sitiroyid mai yawan gaske, bayan 'yan watanni kan ƙashin cinya ya fara mutuwa, wasu kuma huhu ya taƙure. Ga irin waɗannan, kalmar nan "raunin aiki" ita ce ta raba mai jinyar da ake biya masa magani shekara da shekaru da wanda zai sayar da abin hannunsa.

A 2013 aka ƙara cutar ƙanjamau cikin jerin, ga ma'aikatan lafiya da 'yan sanda kaɗai. Sabuwar annoba kuwa ba ta da gurbi a jerin da aka rubuta kafin a san ta. Saboda haka da korona ta ɓulla a Wuhan, sai da aka sake fitar da wata takardar ran 23 ga Janairu 2020, ranar da aka rufe birnin. A ƙarƙashinta ne, da likita Li Wenliang ya rasu ran 7 ga Fabrairu, hukumar birnin ta yanke wa iyalinsa diyyar yuwan 785,020, ban da kuɗin jana'iza.