Sunan Yanka da Sunan Gida: Tarihin Raɗin Suna a Sabon Ibadan



Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata 'yar gardama da muka tarar a gidan wani maƙwabcinmu, ana gobe suna. An sayi rago, an kawo goro da dabino, mata suna ta hidima a cikin gida, amma a zaure ba a daidaita ba. Kakan jariri yana so a mai da sunan mahaifinsa, wanda ya zo garin nan da ƙafa a bayan garken shanu. Shi kuwa uban jariri ya tsinto wani suna mai daɗin faɗi a waya, da aka tambaye shi ma'anarsa sai ya hau sosa ƙeya. Wani dattijo ya ce, "To, kai ɗan nan, in ka yar da sunan kakanka, me za ka nuna in an ce daga ina kuke?" Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya kamata mu waiwaya baya, domin kuwa Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, sunayen kakanninmu na Hausa ne zalla. Duk wanda ya dubi jerin sarakunan Kano zai ga Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999, sannan ga Warisi, ga Gijimasu, ga Tsamiya. Sai a zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka iso daga Mali da addini, aka ga sarki yana amsa sunan Ali. Ka ga ke nan yana tafiya da suna biyu, Ali na addini, Yaji na gida. Haka Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 kuwa, sai sunaye irin su Shehu da Bello da Nana da Asma'u suka bazu ko'ina.

Wato Musulunci bai kori sunayen gida ba, wuri ya ba su. Sunan yanka shi ne wanda liman yake raɗawa ranar suna bayan an yanka rago, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski. Sunan gida kuwa tsofaffin mata ne masu shi, kuma shi ne littafin tarihin iyali a lokacin da ba a rubutu. In ka ji Tanko, ka san namiji ne da ya biyo mata. In ka ji Kande, mace ce da ta biyo maza. Gambo ya biyo tagwaye, Cindo yana da yatsa shida, Shekarau ya daɗe a ciki, Anaruwa ya faɗo ana sheƙa ruwa, Azumi a watan azumi, Sallau ranar salla. Ajuji da Barmani kuwa sunaye ne na hawaye, na uwar da 'ya'yanta suke ta mutuwa, wato wabi. Ga kuma sunayen rana, Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe da Larai, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Mutum bai buɗe baki ba, sunansa ya riga ya ba da labarin haihuwarsa.

Da waɗannan sunaye kakanninmu suka gangaro Kudu. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fataucin shanu da goro ya bunƙasa. Da farko a cikin gari suka zauna, a gidajen Yarbawa, har zuwa 1916 da aka yanka musu wannan unguwa tamu ta Sabo. A nan ne suna ya sami wani aiki sabo. A gida kowa ya san gidan su wane, amma a zango Audu ya fi a ƙirga. Dole aka liƙa wa kowa garinsu ko sana'arsa: wane Bakano, wane Bakatsine, wane Zazzau, wane Maigoro, wane Maishanu, wane Dillali. A harkar da ake ba da shanu bashi bisa amana, ba takarda ba sa hannu, sunan mutum da na maigidansa su ne jingina. A Arewa ma makarantun boko sun yi irin wannan, shi ya sa muka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sunayen garuruwa.

Sai kuma zamanin ɗariƙa. A farkon shekarun 1950 Tijjaniyya ta game Sabo, har jama'armu suka tsai da masallacin Juma'a nasu a 1952. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna da iyayenmu a 1962 da 1963, ya rubuta wannan a littafin da ya fitar a 1969. Ba sai mun buɗe littafi ba ma, mu ƙirga masu suna Tijjani da Inyass da Barhama a cikin gidajenmu, za mu ga sawun wancan zamani. Kowane zamani da abin da yake tsoron rasawa, kuma da shi yake sa wa 'ya'yansa suna.

Zama da maƙwabta shi ma ya bar tasa alama. Yarbawa Musulmi da mu sunayenmu ɗaya ne, harshe ne ya bambanta. Abdulhamidu namu shi ne Lamidi nasu, Abdul'azizu shi ne Lasisi, Abubakar da muke ce wa Garba ko Habu su Bakare suke cewa, Usmanu kuwa Sunmonu. Abin mamaki, har a sunayen gida tunaninmu ya zo ɗaya. Gambonmu shi ne Idowu nasu. Suna da Malomo da Kokumo don yaron wabi, kamar yadda muke da Ajuji. In sun ce Babatunde ko Yetunde, mu ma muna mai da sunan kaka, sai dai alkunya ta hana uwa ta kira sunan surukinta, don haka ake sakaya shi da Abba ko Baba ko Babangida, mace kuma Ummi ko Inna ko Uwani. Yau gidaje nawa ne a Sabo da uwa Bayarba ce, yaro yana da sunan yanka, da na Hausa, da wanda kakarsa ta wajen uwa take kiransa? Wannan ba abin kunya ba ne, shaidar zaman lafiya ce.

To, yanzu ga inda gizo yake saƙar. Da can akwai abu uku da suke nuna asalin yaro: tsagar fuska, da harshe, da suna. Tsaga ta tafi, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana. Harshe kuwa, mu faɗi gaskiya, yaranmu da yawa Yarbanci ya fi zama a bakinsu. Saura suna. Ga shi kuma mun shiga zamanin takarda. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa, a 2014 aka kawo lambar BVN ta banki, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. Mun ga yaron da sunansa ya fito iri uku: a takardar haihuwa Muhammadu, a makaranta Abba, a banki kuma wani magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Sai da uban ya yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin yaron ya sami shiga jami'a. Mun kuma ga wanda aka ce ya kawo takardar shaidar asali. A nan aka ce masa baƙo ne, alhali kakansa a Sabo aka yanke masa cibiya. Ya tafi Arewa, dagaci ya ce, "Ɗan gidan wa?" Abin da ya cece shi shi ne sunan kakan kakansa da yake ɗauke da shi, wani tsoho ya tuna, ya tsaya masa.

Saboda haka ga 'yar shawararmu ga masu jiran haihuwa. Na farko, a san ma'anar suna kafin a yi huɗuba. A tambayi malamai, don ba duk kalmar Larabci ce suna ba, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyau, ya kuma nuna fifikon Abdullahi da Abdurrahman. Na biyu, kada a raina mai da sunan iyaye da kakanni, igiya ce da take ɗaure mu da gida. Na uku, a bar tsofaffi su ba da sunan gida na Hausa, ko Tanko ne ko Lami, kada su ɓace a hannunmu. Na huɗu, tun ranar suna uba ya rubuta sunan yadda yake so, harafi bayan harafi, da na uba da na kaka, ya kai wajen rajista da kansa, kuma kada a sāke shi a makaranta.

Af, mun manta ba mu faɗa muku yadda gardamar zauren nan ta ƙare ba. Da asuba liman ya raɗa sunan kakan, aka shafa fatiha, aka raba goro. Kafin hantsi kuwa tsohuwar gidan ta leƙa fuskar jariri ta ce ai ranar Juma'a ya zo. Har yau Ɗanjuma ake kiransa.

Allah Ya raya mana zuriya bisa tafarkin addini, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Wassalam.