Daga Kalankuwa zuwa Wayar Hannu: Yadda Sarautar Wasa Ke Riƙe Ɗan Wasa

Akwai wani wasa da matasa ke yi a intanet wanda ba ƙwallo ba karta. Mutum goma ko ashirin su haɗu a zaure ɗaya na WhatsApp ko Discord, ɗaya ya shimfiɗa labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikinsa, yana magana da bakinsa, yana yanke shawara a madadinsa. Da zafi ake farawa. Bayan 'yan makonni sai zaure ya yi tsit, mai labari ya rage shi kaɗai yana ta kiran suna.

Turawa sun daɗe suna fama da wannan. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. A 1978 Roy Trubshaw ya fara gina irinsa a kwamfuta a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora. A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: mai son tara nasara, mai son leƙe-leƙe, mai son hira, da mai son murƙushe abokan wasa. Bayani ne mai amfani. Sai dai a ganina Bahaushe ya riga ya sami tasa dabarar tun da daɗewa, kuma dabarar ita ce sarauta.

Bahaushe ba ya taro babu muƙami. Dubi ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙarni na 19, ya ratsa Bargu, ya bi ta Yendi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja bayan watanni a hanya. Ana kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, ana dawowa da goro. Kasuwar Salaga ta kuma yi ƙaurin suna da cinikin bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba. Wannan ayari gari ne mai tafiya: ga madugu, ga jagaba a gaba, ga ubandawaki, ga malamin da ke rubutu da addu'a. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 cinikin Salaga ya fara ja da baya, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. Duk inda suka yada zango, har Bawku da ke kan hanyar shanu daga ƙasar Mosi, sai tsarin ya sake tsirowa: sarkin zango, liman, magajiya, sarkin fawa, sarkin samari. Yaron da ya tashi a irin wannan al'umma, in zai yi wasa, me zai kwaikwaya in ba sarauta ba?

Haka kuwa aka yi a ƙasar Hausa. Bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, samari da 'yan mata na karkara kan yi Kalankuwa. A naɗa sarki da waziri da alƙali da dogarai, a kafa fada. Da mulkin mallaka ya zo sai wasan ya haɗiye sababbin muƙamai, aka sami Di'o da likita da ɗan doka. Abin lura a nan shi ne babu rawanin banza. Dogari aikinsa kamu, to dole ya nemo mai laifi. Alƙali yana zaune, dole a kawo masa ƙara. Wanda aka ci tara zai biya da gaske, goro ko 'yan kuɗi, gobe kuma ya dawo da niyyar ramawa, ko ya kai kuka gaban sarki. Babu wanda ya rubuta wannan labari. Rikicin jiya ne ke haifar da na yau. In alƙali ya yi fashin kwana ɗaya, shari'a ta tsaya, kowa ya san wanda za a bi har gida a kira.

A fadar Kano akwai Wasan Gauta, inda matan cikin gida ke shiga rigar sarki da ta hakimai, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. A Damagaram akwai Wasan Kara, inda matasa ke zama shugaban ƙasa da ministoci da sojoji, da kayan aiki da aka ƙera da karan gero. Amma wanda ya fi burge ni shi ne tashen Nalako a Kano. Tashe na farawa ne bayan azumi ya kwana goma, Nalako, sarkin gwagware, ya fito farautarsu. Wanda aka kama bana ya san in baɗi ta same shi babu mata, igiya na jiransa. Labari ne mai dogon zango, shekara guda tsakanin babi da babi, kuma abin da ɗan wasa ya yi da rayuwarsa a tsakanin shi ke yanke makomarsa a wasan.

Da rediyo da talabijin suka zo, gadon bai ɓace ba. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka bunƙasa, irin su na Yazi Dogo a Damagaram. Galibi ba a haddace takarda. A tattauna ƙashin labari, kowa ya zuba nasa zancen. A Kaduna, Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi ta fitowa a matsayin Samanja shekara da shekaru har sunan ya danne na yanka, da shi aka yi ta kiransa har rasuwarsa a 2023. Mutumin da ake gaishe shi a kasuwa da sunansa na wasa, da wuya ya wayi gari ya ce ya gaji.

Nan ne zaurukan intanet ke tuntuɓe. Mai labari kan riƙe komai a hannunsa, shi ke kawo yaƙi, shi ke kawo sulhu, sauran sai amshi. An ba mutum suna da takobi, ba a ba shi aikin da wasu ke jira ba, ko bashin da zai biya, ko ƙarar da zai ɗaukaka. Sannan akwai abin da na gargajiya ke da shi wanda na waya ya rasa, wato ranar tashi. Kalankuwa kwanaki ne ƙididdigaggu, tashe ba ya wuce azumi, kowa ya koma harkarsa da sauran marmari. Zauren waya kuwa a buɗe yake dare da rana, babu kaka babu Salla, har sai data ta ƙare ko jarrabawa ta zo.