Fasali a kan Ambaton Matar Manomi ta Ƙasar Kabi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amma bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, almajiri ne kai ko falke, masu ba da labarin ƙasar Kabi sun kiyaye sunayen sarakuna. Sun ambaci Kanta da birninsa Surame. Sun ambaci shekarar 1805 da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, da yadda Kabawa suka koma suka kafa sarautarsu a Argungu, da yaƙin da ya daɗe tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Sun ambaci 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su, zumunta ta maye gurbin gaba. Amma ba su ambaci wadda ta ciyar da rundunonin nan biyu ba, ita ce matar manomi.

To, ga aikinta. Mijinta yana shuka jar shinkafa a fadama, wadda ke tashi tare da ruwan gulbi in ya cika. Ita kuwa tun kafin alfijir ta tashi, ta surfa gero, ta daka fura, ta aika gona kafin rana ta take. In kaka ta yi, ta jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya, ta casa, ta sheƙe, sannan ta zama abin awo. In masunta sun kawo kifi, ita ke banda shi don ya jure tafiyar fatake. Da dare ta ɗauki mazari ta yi kaɗi, jikoki na kewaye da ita. In an fita yaƙi, ita ke tsaron rumbu. In fari ya zo, kamar na 1973, ita ke auna tsaba da tafin hannu, ta ciyar da yara, ta ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba.

Ka lura, ya mai karatu, akwai wadda ta gane darajar irin waɗannan mata, ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa dattijai mata da ake kira jaji, su riƙa jawo matan ƙauye zuwa karatu, su koma su karantar da na gida. Kuma kamar yadda ta yi marsiyya ga Sarkin Musulmi Bello, haka ta yi ga wata maƙwabciyarta mai suna Halima, wadda ba ta da sarauta, ta yabe ta da haƙuri da sada zumunta. Da wannan ta nuna tawada ba ta sarakuna kaɗai ba ce.

Zamani ya sauya. An ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casa a Argungu. Amma da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki, gidajen da suka tsaya da ƙafarsu da yawa sun jingina ne ga akuyar tsohuwa da ɗan abin da ta ɓoye a tukunya.

Saboda haka, ya falke, in tsohuwa ta kawo maka shinkafa kasuwa, kada ka tauye mata mudu, kada ka karya farashi don ka ga tana cikin matsi, domin gumin kwana da kwanaki ne a cikin ƙwaryar nan. Kai kuma almajiri, in kakarka tana raye, zauna gabanta ka tambaye ta sunan uwarta, da garin da aka auro ta, da shekarun yunwa da ta gani, ka rubuta da alƙalamin da kake rubuta allo. In ta riga mu gidan gaskiya, ka yi mata addu'a da sunanta, ka koya wa 'ya'yanka shi.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata, ya haskaka makwancinsu. Tammat.