Daga Zariya zuwa Abuja: tarihin karatun injiniyan lantarki da kwamfuta, da ƙofofin da ke buɗe wa matasanmu



A Mpape ba mu rasa masu aikin lantarki ba. Muna da masu jan waya a sababbin gidajen Maitama da Katampe, da masu kafa sola, da masu gyaran waya da kwamfuta, da masu kula da injinan fasa dutse. Da yawansu suna riƙe da difloma ko babbar difloma, wasu ma har digiri. Amma da zarar an ambaci digiri na biyu, sai ka ji an ce ai wannan na 'ya'yan manya ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan fanni, domin wanda ya san yadda aka kafa tsani ba zai ji tsoron hawansa ba.

Tun a 1896 aka kunna wutar lantarki a Legas, amma an daɗe injiniyoyin da ke tsara ta Turawa ne. A 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, mai rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. Reshen Zariya ne ya ɗauki karatun injiniya, ɗalibansa kuma suna rubuta jarrabawar digirin Jami'ar Landan. Ke nan kafin samun 'yancin kai, ɗan Najeriyan da ke son digirin injiniya ba tare da ya tsallaka teku ba, Zariya yake nufa. Wannan reshe yana cikin makarantun da aka haɗe aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna Sir Ahmadu Bello kuma ya zama uban jami'ar na farko.

Buƙatar ƙasa ce ta riƙa tura karatun gaba. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji mai ƙarfin megawat 760. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki da hukumar madatsun Kwara aka samar da NEPA. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro kuma a 1990. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya buƙaci mutanen da suka san lissafin yadda wuta ke tafiya daga janareta zuwa layukan dogon zango, har ta iso taransifomar unguwa. Irin wannan sani a digiri na biyu da na uku ake zurfafa shi, kuma a wancan zamani yawancin masu nemansa sai sun tafi Ingila ko Amurka ko ƙasashen gabashin Turai.

Sannu a hankali makarantun gida suka ƙaru. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta samu matsayinta na yanzu a 1968, ta zama babbar matattarar masu difloma a Arewa. A 1977 Bayero ta Kano ta zama jami'a mai cin gashin kanta. An kafa jami'ar fasaha ta Bauci a 1980, wadda yau ake kira Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ta Minna a 1983. A 1970 kuma gwamnati ta kafa majalisar COREN, wadda ke yi wa injiniyoyi rajista, take kuma tantance kwasa-kwasan da ake koya musu.

Ita kwamfuta ta hannun malaman lissafi ta fara shiga jami'o'inmu. Har yau cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Babban sauyin ya zo ne a 2001, lokacin da aka ba kamfanoni lasisin wayar salula. Cikin 'yan shekaru ƙasa ta cika da turakun sadarwa, aka shiga neman masu ilimin na'urori ruwa a jallo. Daga nan jami'o'i suka fara raba tsohon sashen lantarki gida-gida. A Zariya da Minna yau akwai sashen lantarki daban, na sadarwa daban, na injiniyan kwamfuta daban. Farfesa Umar Garba Ɗambatta misali ne na inda wannan karatu ke kai mutum: ya yi digirinsa na farko da na biyu a Folan, na uku a Mancesta, ya koyar a Jami'ar Bayero, sannan ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Garinmu ma da wannan zamani ya girma. A 1976 Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar da ta samar da Abuja, aka dawo da fadar gwamnati ranar 12 ga Disamba, 1991. Duwatsun Mpape ne aka riƙa fasawa ana gina tituna da gidajen birnin, kuma wannan aiki ne ya jawo iyayenmu da dama suka zauna tare da Gbagyi 'yan asalin wurin. Jami'o'i su ma suka biyo birnin. An kafa Jami'ar Abuja a 1988. A 2007 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Galadimawa, musamman domin karatun gaba da digiri, ciki har da kimiyyar kwamfuta. Jami'ar Nile ta zo a 2009, Baze a 2011. Karatun da kakanninmu sai sun shiga jirgin ruwa kafin su same shi, yau yana cikin gari. Wanda ya zaɓi Zariya kuwa, jirgin ƙasa na tashi daga Kubwa zuwa Rigasa tun 2016, sai ya ƙarasa da mota.

To, yaya tsanin yake a yau? Matakai uku ne.

Na farko shi ne difloma ta gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD. Ita ce gadar mai babbar difloma, da wanda sakamakon digirinsa ya yi rauni, da wanda ya karanta fanni na kusa kamar fiziks yake son komawa injiniya. A nan yawancin matasanmu ya kamata su sa ido.

Na biyu shi ne digiri na biyu, wato mastas. A ƙa'ida ana neman digiri mai daraja ta biyu ko PGD mai kyau, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Ana yin darussa, sannan a rubuta kundin bincike a ƙarƙashin malami. A nan mutum ke zaɓar layinsa: samar da wuta da rarraba ta, ko sadarwa, ko sarrafa injina ta atomatik, ko injiniyan kwamfuta. A lura cewa injiniyan kwamfuta daban yake da kimiyyar kwamfuta. Na farko ya fi karkata ga ƙera na'ura da haɗa ta da manhajar da ke tafiyar da ita, na biyu kuwa ga manhaja da lissafinta.

Na uku shi ne digirin digirgir, wanda aƙalla yakan ci shekara uku ana bincike. Ya fi dacewa da mai son koyarwa a jami'a ko aiki a cibiyar bincike.

Batun kuɗi shi ne ya fi tsorata mutane. Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, masu zaman kansu kuma sun fi kusa da gida amma da tsada. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, yana ba da tallafin karatu a gida da waje a fannonin da suka shafi mai da makamashi. Hukumar NITDA ta sha ba da tallafi a fannin fasahar sadarwa. Asusun TETFund kuwa malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyi. Tallafin PTDF da na NITDA ta intanet ake nema, kuma wanda bai haɗa takardunsa tun da wuri ba, wa'adi kan wuce shi.

Akwai darasi guda da bai kamata mu manta ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da wasu kwasa-kwasai a Jami'ar Abuja, ciki har da injiniya, saboda rashin tantancewa, ɗalibai suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi kafin daga baya a daidaita lamarin. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da kwas ɗin. In kana son rajistar cikakken injiniya, ka tambayi COREN ko ta san da shi.

Me ya sa muke wannan magana yanzu? A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, a 2023 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba jihohi damar tafiyar da harkar lantarkinsu. Ƙananan tashoshin sola suna yaɗuwa a ƙauyuka. Duk waɗannan suna buƙatar masu zana tsari da masu sa hannu a kansa, kuma takarda ce ke raba mai zanawa da mai aiwatarwa. Yaron da ya shekara biyar yana haɗa batir da inbata ya riga ya san rabin abin da wasu ke fara gani a aji.

Muna roƙon iyaye su tambayi 'ya'yansu, maza da mata, inda karatunsu ya tsaya. Masu babbar difloma ko digiri a wannan fanni su kawo sunayensu ofishin ƙungiya, domin mu haɗa su da yayyensu da suka riga suka bi hanyar, a taimaka musu wajen neman takardar sakamako daga makarantunsu da cike fom. Masu hali a cikinmu kuma su duba ko za su ɗauki kuɗin rajistar ɗalibi ko da guda ɗaya ne.

Allah ya sa wa karatun yaranmu albarka, ya ba mu ikon tallafa musu. Amin.

Sakataren ƙungiya