Yadda Bikin Kimiyya na Turai Ya Koma Hannun Malamai

A ƙarshen shekarun 1990 hankalin manyan cibiyoyin bincike na Turai ya tashi, ganin yadda matasa ke guje wa fiziks a jami'a, masu koyar da shi a sakandare kuma sai ƙaranci suke yi. Shi ya sa cibiyar CERN da hukumar sararin samaniya ta ESA da cibiyar nazarin taurari ta ESO suka haɗa kai, Tarayyar Turai ta ba da kuɗi, aka gayyato malamai daga ƙasashe 22 zuwa Janeba a watan Nuwamban 2000 domin bikin da aka raɗa wa suna Physics on Stage. An sake yin sa a garin Noordwijk na Holan a 2002 da 2003. A 2005 aka shigo da kimistiri da bayoloji, suna ya koma Science on Stage.

Da a ce ƙarfin waɗannan cibiyoyi ne kaɗai ke riƙe da bikin, da ya mutu a 2008 lokacin da kuɗin Tarayyar ya ƙare. A ganina abin da ya raya shi shi ne malamai sun riga sun mayar da shi nasu. A shekarar ce reshen bikin na Jamus ya ɗauki nauyin taro a Balin, aka yi wani a Kofanhagan a 2011, kafin shekarar ta fita kuma aka kafa ƙungiyar Turai baki ɗaya mai ofis a Balin. Daga nan biki ya riƙa zagayawa, Landan a 2015, Debrecen a 2017, Cascais a 2019, Prag a 2022, Turku a 2024, inda malamai kimanin 450 daga ƙasashe sama da 30 ke haɗuwa. Duk wanda ya shiga zauren zai tarar da tebura jere, kowane malami tsaye gaban nasa da robar ruwa da balan-balan da tsinken shan lemo, yana nuna yadda yake fahimtar da yara ƙarfin iska. Tambayoyin da abokan aikinsa ke jefo masa su ne masu nauyi: minti nawa gwajin ke ci, nawa ne kuɗin kayan, zai yiwu a ajin da ya cika maƙil? Masanin da ke CERN bai san waɗannan ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai masu cewa biki wasan burgewa ne kawai, a tafa a watse, kuma malaman da ke zuwa dama can masu himma ne, ragowar dubbai suna gida. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta da abin da ke gaba da bayan bikin. Kafin malami ya samu kujera sai ya ratsa zaɓen ƙasarsa, inda malamai da yawa ke baje aikinsu. Bayan an tashi kuma ana kafa rukunoni na malaman ƙasashe daban-daban su rubuta darussa tare, a raba kyauta. Ta haka aka samu littafin koyar da kimiyya da wayar salula a 2014, da na koyar da ita ta hanyar ƙwallon ƙafa a 2016, inda yaro ke lissafa gudun ƙwallon da ya buga da ƙafarsa.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta dogaro da masu hannu da shuni, domin ƙungiyar masu masana'antun ƙarfe da lantarki ta Jamus, Gesamtmetall, tana cikin manyan masu tallafawa, kuma ba a ɓoye yake ba cewa injiniyoyi take nema. Wannan abin sa ido ne. Sai dai muddin kwamitocin ƙasashe ne ke tantance wanda zai je, malamai kuma ke rubuta darussan, da wuya mai kuɗi ya juya abin da ake koyarwa a aji.