Gurbin Jami'a da Ɗan Karkara a Jihar Taraba: Nazari Daga Mazaɓar Kachalla Sembe

Tsakure

Maƙalar ta bi matakan da ɗalibi ke takawa kafin ya samu gurbin karatu a jami'a, tana kwatanta mazaunin Kachalla Sembe a Jalingo da takwaransa na karkarar Taraba. An dogara da ƙa'idojin hukumar JAMB da manufofin gwamnati daga 2008 zuwa 2024. Nazarin ya nuna cewa tsarin rabon gurabe yana auna koma-baya tsakanin jiha da jiha, alhali tazarar da ta fi danne ɗan ƙauye tana cikin jihar tasa.

Gabatarwa

An ciro Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, amma sai a 2008, zamanin Gwamna Ɗanbaba Suntai, ta kafa jami'arta a Jalingo. Jami'ar Tarayya ta Wukari ta biyo baya a 2011, a garin da jami'ar kuɗi ta Kwararafa ta riga ta zauna. Kafin nan Yola da Maiduguri da Jos da Zariya ɗaliban jihar ke nufa. Ƙananan hukumomi 16 ke nan suke dogaro da garuruwa biyu. An zaɓi Kachalla Sembe, ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Jalingo, saboda mazauninta, ko da talaka ne, yana kusa da kowane ofishi da neman gurbi ke buƙata.

Matakan da ke gaban jarrabawa

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2021 kuma ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ɗalibi zai fara mallakar lambar, ya tura ta da saƙon waya zuwa 55019, ya je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa, ya koma ya fitar da takardar da ke nuna rana da wurin jarrabawa, ya rubuta, sannan ya halarci tantancewar jami'a. Ko an ba shi gurbin, tsarin CAPS da aka kawo a 2017 yana buƙatar ya hau intanet ya amsa cewa ya karɓa.

Ga yaron Kachalla Sembe yawancin waɗannan matakai kuɗin a-daidaita-sahu ne. Ga wanda ke ƙauyukan Kurmi ko tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna, matakin da ya kai shi Jalingo yana nufin yini guda a mota da kwana a gidan mutane. Mutanen Karim Lamido kuwa Kogin Binuwai ne tsakaninsu da babban birnin jihar. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota, ambaliyar 2024 kuma ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, wato hanyar da ta haɗa garuruwan jami'o'in. Ba a lissafa ko ɗaya daga cikin waɗannan a kuɗin fom.

A ɗakin jarrabawa akwai tambayoyi 180 cikin awa biyu. Hukumar ta sauƙaƙa, ta yadda maɓallai takwas sun isa a amsa komai, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai wanda bai taɓa karanta dogon nassi a fuskar kwamfuta ba lokacinsa ke tafiya, ko da ya san amsar. Kafin nan ma akwai sharaɗin kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, wanda ke da wuyar cikawa a makarantar da ba ta da malamin lissafi tsayayye.

Rabon gurabe

Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka yi wa nisa a ilimin boko. Taraba na cikin rukunin ƙarshe. Amma a cikin wannan kaso ɗan Taraba da ɗan Taraba ne ke takara, kuma maki ne ke raba gardama. Wanda ya yi sakandare a Jalingo, ya samu darasin share fage da yamma, shi ne zai kwashe rangwamen da aka yi da sunan koma-bayan ƙauye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tallafin da aka ƙaro ma haka yake. Gwamna Agbu Kefas ya rage rabin kuɗin Jami'ar Jihar Taraba a 2023, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta da naira dubu 20 a wata. Duka biyun sai wanda ya riga ya shiga suke kai wa. Gibin da ke tsakanin gama sakandare da samun gurbi dangi ne ke cike shi: kawu ko goggo a unguwannin Jalingo, mai ba da wurin kwana da tuwon dare. Ɗiya mace ta fi shan wahalar wannan, domin iyaye ba sa sakin ta sai ga masaukin da suka amince da shi.

Shawara

Wasu za su ce a raba gurabe bisa ƙananan hukumomi. Wannan ba zai wadatar ba, domin takardar shaidar asali tushen uba take nunawa. Yaron da aka haifa a Kachalla Sembe, ya yi duk karatunsa a Jalingo, zai iya riƙe takardar Kurmi ya shiga a kason Kurmi. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne makarantar da ɗalibi ya rubuta WAEC ko NECO, kuma lambar cibiyar tana cikin takardar sakamakon kowane ɗalibi. Jami'ar jiha za ta iya fitar da wannan daga takardun da ke hannunta, ta buga yawan waɗanda ta ɗauka daga kowace sakandare duk shekara, sannan ta ware kaso ga makarantun da ke wajen hedikwatocin ƙananan hukumomi.